Muhawara: Shin Gamzaki tauraro ne, ko ɗiyata ce ke da gaskiya?

Malam Umaru:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon 'yan uwa masu sani su warware mini wata magana da ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Saboda zafin bazarar nan da yawan ɗauke wuta, mun fitar da tabarmi tsakar gida muna kwana a can, a gidanmu da ke unguwar Mabera a Sakkwato. Gab da kiran assalatu na tashi zan yi alwala, sai na tarar ɗiyata, wadda take aji biyu a ƙaramar sakandare, ta riga ni farkawa tana kallon gabas. Gamzaki ya fito fes a saman katangar maƙwabta, sai na nuna mata shi, na ce wannan shi ne tauraron da mahaifina yake tashi da shi zuwa gona, domin bai taɓa ɗaura agogo ba har ya koma ga Allah. Sai ta ce mini, cikin ladabi dai, wai malaminsu ya ce Gamzaki ba tauraro ba ne, duniya ce kamar tamu, wai kuma shi da Zara matar wata abu ɗaya ne. Ta ƙara da cewa rana ita ce tauraro. Na kwaɓe ta, na ce ta daina maimaita duk abin da ta ji. Amma tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba, domin ina tsoron kada ya zama na hana yarinya gaskiya don kawai ni ban san ta ba. Wane ne ke da gaskiya tsakanina da ita?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Malam Umaru. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma zan faɗa maka kai tsaye cewa yarinyar ta riƙe karatunta daidai. Amma ba na so ka karɓa don ni na faɗa, gara ka gwada da abin da idonka ya daɗe yana gani. Ka tuna baya da kyau: ka taɓa ganin wani lokaci da Zara take haskawa a yamma bayan magariba, sannan Gamzaki ya fito da ƙarfinsa a asubahin wannan daren? Watannin da Zara take yamma, gabas babu Gamzaki, idan kuma ta ɓace na ɗan lokaci sai ka ga Gamzaki ya ɓullo. Dalili shi ne abu ɗaya ne, wanda Larabawa suke kira Zuhura. Tana kewaya rana a wani da'ira da ke cikin namu, shi ya sa a idonmu ba ta taɓa nisantar rana fiye da kimanin digiri 47, kuma shi ya sa ba za ka taɓa ganin ta a tsakiyar sama da tsakar dare ba. Wani lokaci tana bin bayan rana ta faɗi bayanta, wani lokaci tana gabanta ta riga ta fitowa, kuma wannan juyi yana cika ne a cikin kwana 584.

Bambancin tauraro da duniya shi ne tauraro yana haskawa da wutar kansa, ita kuwa duniya aron hasken rana take yi, kamar yadda wata yake yi. A shekarar 1610 Galileo ya duba Zuhura da madubin hangen nesa a Italiya, ya ga tana zama jinjira, ta zama rabi, ta kusa cika, tamkar wata. Abin da yake haskawa da kansa ba zai yi haka ba. Duniyoyi biyar ake gani da ido ba tare da na'ura ba: Uɗarid, Zuhura, Mirrik, Mushtari da Zuhal, kuma haskensu a tsaye yake, ba ya yawan ƙyalƙyali irin na sauran taurari. Ita kuwa rana tauraro ce kamar sauran, kusanci ne ya sa ta cika mana ido. Tana nesa da mu da kimanin kilomita miliyan 150, kuma da za a jera duniyarmu a faɗinta, sai an jera guda 109 kafin a kai ɗaya gefen.

Alhaji Bello:
Malam Sani, na karanta bayaninka, kuma ba na shakkar kyakkyawar niyyarka. Sai dai ni tun tasowarmu a cikin garin nan, abin da muka ji daga iyaye da malamai shi ne a nisanci ilimin taurari, domin ƙofa ce ta duba da bokanci. Na ga mutumin da aka ce masa tauraronsa bai dace da na matarsa ba, ya rabu da uwar 'ya'yansa a kan wannan magana. Na biyu kuma, waɗannan alƙaluma na miliyoyin kilomita, wa ya je can ya auna? Ni ɗan kasuwa ne, abin da ban ga ma'auninsa ba, ba na sa hannu a kansa.

Malam Nasiru:
Ranka ya daɗe, Alhaji, tsoronka yana da tushe, amma abubuwa biyu ne suka haɗu a suna ɗaya, kuma malamai sun daɗe da raba su. Akwai da'awar cewa taurari suna da tasiri a kan arziki da aure da ajali, wanda shi ne abin da masu duba suke ci da shi, kuma shi ne aka hana. Akwai kuma sanin tafiyar rana da wata da taurari ta hanyar lura da lissafi, wanda ake kira ilimin falaki ko hisabi, kuma ba a iya tsayar da lokutan salla da alƙibla da watanni sai da shi. Allah ya ce a cikin Suratur Rahman rana da wata suna tafiya bisa lissafi, ya kuma ce a cikin Suratun Nahli da taurari mutane suke gane hanya. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Sai Annabi ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Wannan hadisin shi ne ya sare gindin bokanci, kuma bai hana kowa ɗaga kai ya lura ba.

Magabatanmu sun yi zurfi a wannan fanni. Albattani ya auna tsawon shekarar rana da daidaito mai ban mamaki, Albiruni ya lissafa girman duniya ta hanyar auna kusurwa daga kan dutse, Abdurrahman Assufi kuma ya tsara bayanin taurari a wajen shekarar 964. Har yau sunayen taurari da yawa a littattafan Turawa na Larabci ne da harshe ya karkata, misali Dabaran ɗin da manomanmu suka sani shi ne suke kira Aldebaran. Saboda haka mutumin da ya rabu da matarsa, ba sanin falaki ya cuce shi ba, da ya san shi ma da bai yarda da mai duban ba.

Baba Manu:
Ɗana ne yake rubuta mini wannan daga Wurno, domin idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Allah ya gafarta malam, ka ambaci Dabaran, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu a gona da taurari 28 muke lissafin shekara, kowanne yana kwana 13, in ban da Jabha da take kwana 14, sai a tashi da kwana 365. Idan aka ce Haƙ'a ta shiga, manomi ya san damina ta ƙarato, sai Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa su biyo baya. Mahaifina ba ya yarda da ruwan farko ya kai iri gona sai ya tambayi limamin ƙauye wane tauraro ake ciki, domin sau da yawa ruwan farko yaudara ne, a shuka ya ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa. Tambayata ita ce, Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai suke kira Surayya, da sanyi muna ganin ta a tsakiyar sama bayan lisha, amma yanzu da bazara ta yi nisa ta ɓace gaba ɗaya, sai nan gaba ta dawo ta gabas da asuba. Ina take zuwa a tsakanin nan?

Malam Sani:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kaza ba ta zuwa ko'ina, mu ne muke tafiya. Duniya tana kewaya rana sau ɗaya a shekara, don haka ɓangaren sama da muke fuskanta da dare yana sauyawa kaɗan kaɗan. Kowane tauraro yana riga lokacin fitowarsa na jiya da kimanin minti 4, wanda a wata guda ya zama awa biyu, a shekara kuma ya zagayo daidai inda ya fara. A watan Mayu rana tana shiga tsakaninmu da Kaza, sai ta riƙa fitowa da faɗuwa tare da rana, hasken rana ya rufe ta. Bayan 'yan makonni, idan mun ƙara gaba a kewayenmu, sai ta fara riga rana fitowa, ku gan ta da asuba. Lissafin da kuka gada daga iyaye kalanda ce ta shekarar rana da aka rubuta a sama, kuma shi ya sa yake tafiya daidai da damina, alhali watannin Musulunci suna zagayawa.

Abin da yake kawo sauyin yanayin kansa shi ne karkacewar duniya. Ba a miƙe take juyawa ba, ta jirkice da kimanin digiri 23 da rabi, don haka rabin shekara rana tana karkata arewa, rabin shekara kudu. Mutane da yawa suna zaton zafi yana zuwa ne idan mun matso kusa da rana, amma a farkon Janairu, lokacin da hunturu yake tsaga mana leɓe muna jin ɗumi a bakin murhu, a lokacin ne muka fi kusa da ita, kimanin kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma muke kaiwa miliyan 152. Abin da yake aiki shi ne yadda hasken yake sauka, a tsaye ko a karkace. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara rana take tsayawa daidai kan kawunanmu, a ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta. A waɗannan ranaku, idan ka kafa sanda a miƙe da tsakar rana, inuwarta tana shigewa ƙarƙashinta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗawa, sauran shekara kuma arewa. Duk mai tsakar gida yana iya tabbatar da wannan da muciya ko taɓarya.

Malam Nasiru:
Ƙarin bayani kaɗan a kan maganar Baba Manu. Hadisi ya tsawatar a kan mutum ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza, yana jingina ruwan ga tauraron. Amma wanda ya ce bisa al'ada idan tauraro kaza ya shiga lokacin ruwa ya yi, yana nufin alamar lokaci, kamar ya ce Yuli ta kama, malamai ba su ga laifinsa ba. Bayanin Malam Sani ya ƙara fito da wannan fili, domin ya nuna tauraron alama ce kawai a kan hanya.

Hajiya Asma'u:
Ina biye da ku tun farko, kuma maganar husufi da Malam Nasiru ya kawo ta tuna mini da ranar da ba zan manta ba. A ranar Laraba 29 ga Maris 2006 ina Gusau wajen ƙanwata da ta haihu. Da hantsi muna tsakar gida ina tankaɗe, sai na ga hasken rana ya canza, ya yi wani irin fari marar ƙarfi kamar an rage fitila. Ƙarƙashin dalbejiyar gidan, ɗigon hasken da yake ratsowa ta ganye duk ya koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa a ƙasa, har yara suka taru suna nunawa. Can sai iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, gari ya yi duhu irin na bayan magariba, rana ta zama baƙin faifai da farin haske kewaye da ita. Wata tsohuwa a maƙwabta ta fashe da kuka tana salati, maza suka nufi masallaci. Bayan 'yan mintoci gefen rana ya ɓullo, zakaru suka yi ta cara kamar asuba. Da na kira gida Sakkwato, sai aka ce mini su rana ta ragu ƙwarai amma ba ta rufe duka ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tun kwanaki kafin ranar rediyo yake sanar da ranar da lokacin. Tambayata, idan wata ne yake shiga tsakaninmu da rana, me ya sa ba a yin haka kowane ƙarshen wata? Kuma me ya sa Gusau ta yi duhu, Sakkwato ba ta yi ba?

Aminu:
Gwaggo, ni ɗalibi ne mai karatun lissafi, bari in gwada amsawa, Malam Sani ya gyara mini idan na kauce. Hanyar da wata yake bi ta karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar da muke ganin rana tana bi, don haka a yawancin ƙarshen wata yana wucewa ta sama da ita ko ta ƙasa da ita, inuwarsa ta wuce duniya ba ta taɓa ta ba. Sai lokacin da ƙarshen wata ya dace da inda hanyoyin biyu suka gicciye sannan a yi husufi. Rana ta fi wata faɗi da kusan ninki 400, amma kuma ta fi shi nisa da kusan ninki 400, shi ya sa suke zama kamar girmansu ɗaya a idonmu, har wata ya iya rufe ta daidai. Saboda haka bakin inuwar da take isowa ƙasa siririya ce, faɗinta bai kai kilomita 200 ba a wannan ranar. Ta ratso ta Ghana da Togo da Benin, ta bi ta Gusau da Katsina da Maraɗi, ta wuce Libiya. Sakkwato ta kasance a gefen hanyar. Shi kuwa zazzaɓin wata, wanda yara suke fita suna kaɗa gwangwani a kansa, inuwar duniya ce take faɗawa kan wata, don haka ba ya faruwa sai a tsakiyar wata, kuma duk wanda wata yake samansa a daren yana ganin sa. Lissafi ya nuna ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi cikakken husufin rana da zai bi ta Masar da Jidda da Makka, mu kuma a nan za mu ga an ci wani ɓangare. Ina roƙon iyaye su hana yara kallon rana kai tsaye a irin wannan rana, domin tana ƙona cikin ido ba tare da an ji zafi ba, kuma baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa.

Alhaji Bello:
To, ga inda nake so a tsaya a yi mini bayani. Idan lissafin nan ya kai a faɗi ranar husufi shekaru kafin ya zo, me ya sa duk shekara muke zaman jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi a daren 29 ga Sha'aban? Ko dai lissafin bai kai yadda ake faɗa ba, ko kuma jiran ba shi da amfani, kuma ni ban yarda da na biyun ba.

Malam Nasiru:
Alhaji, akwai na uku. Lissafi yana faɗin lokacin da wata yake haɗuwa da rana, har zuwa minti, wannan babu jayayya a kansa. Amma shari'a ba ta rataya azumi a kan haɗuwar ba, ta rataya shi a kan ganin jinjirin wata, kuma tsakanin haɗuwa da gani akwai tazara. Dole wata ya nisanci rana gwargwadon da gefensa zai samu haske, ya kuma jinkirta a sama bayan faɗuwarta, sannan ga hazo da gajimare da ƙarfin idon mai dubawa. Daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 da rabi ne a matsakaici, shi ya sa wata yake yin 29 ko 30, shekara ta tashi kwana 354, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Wannan ne ya sa azumi yake zagaya bazara da damina da hunturu, ya dawo inda ya fara a cikin kimanin shekara 33. Jiran sanarwar shugaba kuwa, shi ne yake haɗa kan al'umma a kan rana ɗaya.

Aminu:
Allah ya gafarta malam, na yarda da wannan, amma ina ganin lissafi yana da hurumin da ya fi haka. Idan lissafi ya nuna cewa a wata ranar wata ya riga rana faɗuwa, sannan wani ya zo ya ce ya gan shi bayan magariba, to abin da ya gani ba wata ba ne, ko da mutumin kirki ne. Yana iya zama siririn gajimare, ko Zara a cikin hazo, ko kuma tsananin son gani. Masu lura sun daɗe da gane cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, ido ba ya iya kama jinjirin.

Malam Nasiru:
Wannan ra'ayi ne da wasu manyan malamai suka tafi a kai tun da daɗewa, cewa ana amfani da hisabi wajen kore shaidar da ba za ta yiwu ba, ko da ba a tabbatar da wata da shi, wasu kuma ba su karɓa ba. Ni ina karkata gare shi, amma hukuncin na waɗanda aka ɗora wa nauyin tantance shaidu ne. Abin da ya rage namu shi ne matasa irinka su koyi inda za a duba da lokacin da za a duba, su fita tare da dattawa masu kaifin ido, domin shaida ta ƙara inganci.

Malam Sani:
Ranka ya daɗe Alhaji, ban manta da tambayarka ta farko ba, ta wa ya je ya auna, kuma ita ce tambayar da ta fi kowace daraja a wannan zaure. Ka miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya ka rufe ɗayan. Za ka ga yatsan ya yi tsalle a kan bangon da ke bayansa. Idan ka matso da shi kusa da fuska tsallen ya ƙaru, idan ka nisanta shi ya ragu. Wanda ya san tazarar idanunsa biyu, ya kuma auna girman tsallen, zai lissafa nisan yatsan ba tare da igiyar awo ba. Haka ake yi wa taurari na kusa: a duba tauraro yau, a sake duba shi bayan wata shida lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana, sai ya zama kamar idanu biyu da ke da tazarar kilomita miliyan 300. Wani Bajamushe mai suna Bessel ne ya fara cin nasarar wannan awo a 1838. Shi kuwa wata, ana harba masa haske daga ƙasa, ya bugi madubin da 'yan sama jannati suka ajiye a kansa a 1969 ya dawo, a ƙirga lokacin, a samu kimanin kilomita 384,000.

Da yake nisan ya fi ƙarfin kilomita, sai ake auna shi da tafiyar haske, wanda yake cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana yana iso mu a cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu. Daga tauraro mafi kusa da mu bayan rana, sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni. Daga Shi'ira, wadda aka ambata a Suratun Najmi, wadda kuma ta fi kowane tauraro haske a dararen hunturu, shekara 8 da rabi. Hasken Kaza da Baba Manu yake gani ya baro can sama da shekara 400 da suka wuce, wato tun kafin a haifi Shehu Usmanu, balle a kafa birnin nan. Farin zanen nan mai kama da hayaƙi da yake ratsa sama a daren da babu wata, wanda mutanen ƙauye suka fi mu gani saboda ba su da hasken fitilu, taurari ne sama da biliyan 100 na garken da ranarmu take ciki, faɗinsa tafiyar haske ta kimanin shekara 100,000. Akwai wani garken maƙwabcinmu da Assufi ya kwatanta da ɗan gajimare, haskensa yana yin shekara miliyan 2 da rabi kafin ya iso. A 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa garkunan nesa suna ƙara nisantar mu, mafi nisa ya fi gudu, kuma daga wannan faɗaɗa da wasu awo aka lissafa cewa sararin ya faro kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce.

Wani lokaci ma abin yana zuwa har gida. A watan Oktoba na 1962 wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo daga sama a Zagami ta ƙasar Katsina, kusa da wani manomi a gonarsa, kuma binciken iskar da ta maƙale a cikinsa ya nuna ɓallen duniyar Mirrik ne.

Alhaji Bello:
Na gwada maganar yatsa a shago, kuma na ga tsallen. Na kuma tuna shekarun da nake zuwa Maiduguri fatauci, su sha ruwa da azumi mu a nan sai bayan kusan rabin awa, wanda na ɗauka yanzu juyawar duniya ce. Awon wata da rana da taurarin kusa na karɓa, domin na ga hanyarsa. Amma maganar shekara biliyan goma sha uku, a nan na ja birki. Wannan ba awo ba ne irin na yatsa, lissafi ne a kan lissafi, kuma ba zan riƙe shi kamar yadda na riƙe na farko ba.

Malam Sani:
Tazarar Sakkwato da Maiduguri kimanin digiri 8 ce, kowace digiri minti 4, ka ga rabin awarka ta fito. Game da inda ka tsaya kuwa, ka yi gaskiya cewa matakan ba ɗaya ba ne, na nesa an gina shi a kan na kusa, kamar tsani. Abin da ya sa masana suka natsu da adadin shi ne hanyoyi mabambanta sun kai su kusan wuri ɗaya: saurin faɗaɗar sararin, da shekarun tsofaffin taurari, da wani raunannen haske da yake zuwa daga kowace kusurwa ta sama, wanda aka gano a 1965. Duk da haka ina ganin wanda ya ce sai an nuna masa kowane mataki kafin ya taka, ya fi kusa da tarbiyyar wannan ilimi a kan wanda ya haddace adadin bai san inda ya fito ba. Idan kana so, mu ware wani zama mu hau tsanin mataki mataki.

Malam Umaru:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da dare na kira yarinyar gaban mahaifiyarta, na gaya mata ita ce ke da gaskiya, na kuma karanta mata bayanin Malam Sani da na Malam Nasiru. Da asuba mun tashi tare, muka dubi Gamzaki, muka gwada shi da wani tauraro da ke sama da shi, muka ga lallai ɗayan yana ƙyalƙyali shi kuwa haskensa a tsaye. Yanzu ta kafa taɓarya a tsakar gida tana zana inuwarta da gawayi kowace azahar. Ta ce in tambaya, ko akwai hanyar da za a gane alƙiblar gidanmu da wannan inuwar, domin mun daɗe muna fuskantar gabas sak.

Malam Nasiru:
Akwai, kuma lokacinta ya kusa. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan mintin, duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Ta tabbatar taɓaryar a miƙe take, ta gwada da zare mai ɗan dutse a ƙarshensa, ta daidaita agogo, sannan ta ja layi a kan inuwar. Idan mutum ya tsaya a ƙarshen inuwar ya fuskanci gindin taɓaryar, alƙibla ke nan. Za ku tarar daga Sakkwato ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da kimanin digiri 19. Wannan karkata ba ta ɓata sallolin da suka wuce ba, domin wanda yake nesa fuskar Ka'aba aka ɗora masa, amma wanda ya samu hanyar daidaitawa ya kyautu ya daidaita.

Hajiya Asma'u:
Malam, idan hadari ya rufe rana a ranar fa, tunda ƙarshen Mayu ne?

Malam Nasiru:
Hajiya, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta, a daidai wannan lokacin, bambancin kaɗan ne ƙwarai, ana iya amfani da shi. Idan duk an rasa sai a jira ta Yuli, ko da yake a lokacin damina ta kankama, don haka gara a yi ƙoƙarin kama ta Mayu. Malam Umaru, idan yarinyar ta ja layin, ka ɗauki hotonsa ka turo mana, mu gwada da na Baba Manu daga Wurno.